Kansar makogwaron Yayanmu da takardar da aka rubuta HPV a kanta

Yayanmu tela ne a Kasuwar Barci ta Kaduna, ya haura shekara 45, matansa biyu. Bai taɓa shan sigari ba, giya kuwa ba a ma maganarta, ko goro bai dame shi ba. Na fara da wannan ne saboda duk likitan da muka zauna gabansa tambayar farko kenan da yake yi, daga baya kuma muka gane amsarta tana da nauyi sosai a lissafin rayuwarsa. Da izininsa nake rubuta wannan, sharaɗinsa kawai kar a sa sunansa ko na iyalinsa. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, ba likita ba ne, amma a gidanmu duk takardar asibiti ni ake miƙa wa in karanta, shi ya sa kusan komai ya bi ta hannuna.

Abin ya fara ne da kaluluwa a gefen wuyansa na dama, ƙasa da muƙamuƙi kaɗan. Ba zafi, ba zazzaɓi, yana cin tuwonsa yana zuwa shago. Ai kun san mu da kaluluwa, cewa ake ko haƙori ne ko wani ƙurji ne a kai, za ta baje da kanta. Ba ta baje ba. Aka sha magungunan kemis, aka shafa na gargajiya, wani maƙwabci har ya kawo shawarar a kai shi wurin wanzami a tsaga, Allah ya taimaka Hajiyarmu ta ce a'a. Daga nan wani ƙaramin asibitin kuɗi suka taɓa wuyan suka ce tibi ce ta wuya, suka ɗora shi kan maganin tarin fuka ba tare da an ɗebi komai daga kullutun an gwada ba. Gaskiya a ƙasar nan tibi tana kumbura wuya sosai, ba wai zato ne na banza ba, amma mutum ya haura 40 da kullutu gefe ɗaya wanda ba ya zafi ya wuce sati uku, ƙa'ida ita ce a leƙa makogwaronsa a ɗebi tsoka kafin a yanke hukunci. Ya sha maganin nan watanni, fitsarinsa ya koma ja kamar yadda maganin yake yi, kullutu kuwa sai ma ya yi ƙani a ƙasansa, sannan kunnen dama ya fara masa ciwo in zai haɗiye abu.

Ciwon kunnen ne ya kai mu wurin likitan kunne da hanci da makogwaro, kuma nan Kaduna muna da gata a wannan ɓangaren tunda asibitin kunne na tarayya a garin yake. Likitan ya duba kunne ya ce lafiyarsa ƙalau, ciwon daga makogwaro yake haurowa saboda jijiya ɗaya ce take haɗa su. Ya danne harshe ya haska, ya sa siririyar kyamara ta hanci, sai ga tonsil ɗin dama, wato ɗaya daga tsokokin nan biyu da ke gefen makogwaro ta ciki, ya fi ɗan'uwansa girma kuma ya yi tauri. Aka yanko ɗan kaɗan aka kai gwaji, aka yi sikanin na wuya da ƙirji. Sakamako ya fito kansa ce, irin wadda take tasowa daga fatar da ta lulluɓe cikin baki da makogwaro, girmanta ya kusa santimita 3, ta shiga kaluluwa fiye da ɗaya a gefen dama, ƙirji babu komai. Wani ƙaramin likita da ya fara karanta takardar ya ce a tsohon lissafi wannan mataki na 4 ne. Yaya bai ce komai ba, hularsa kawai ya cire ya riƙe a hannu.

Babban likitan ciwon kansa da aka tura mu wurinsa shi ne ya ce kar a yi gaggawar maganar mataki, akwai gwajin da ya rage. Ya ce a karɓo ragowar tsokar nan da aka daskarar cikin kakin gwaji a aika a yi mata gwajin p16, wani sinadari da yawansa yake zama alamar HPV, in ya nuna sai a bi da na ƙwayar HPV kanta. Kuɗi ne daban kuma sai da aka aika wani gari, muka jira. Duka biyun suka dawo da eh, nau'i na 16. Sai likitan ya ce, "Malam, a cikin abin da ya same ka wannan shi ne labari mai daɗi, yanzu a sabon lissafi mataki na 1 kake."

Ciwo ɗaya, wuya ɗaya, daga 4 ya koma 1. Ni kaina sai da na koma gida na zauna da abin na karanta kafin ya shige ni, bari in faɗe shi yadda na fahimta.

HPV ƙwayar cuta ce mai nau'i sama da 200, galibinsu ba sa komai ko su tsaya a 'yan tsiro a fata, amma akwai kamar dozin da suke jawo kansa, kuma nau'i na 16 shi ne uban tafiyar, shi ke da kusan kashi 90 cikin 100 na kansar makogwaron da HPV ta haddasa. Ita ce dai ƙwayar da take kawo sankarar bakin mahaifa, wadda Bajamushen nan Harald zur Hausen ya samu kyautar Nobel a 2008 saboda gano alaƙarsu. A makogwaro tana son ramukan tonsil da gindin harshe can ciki, nan take ɓuya. Kowace ƙwayar halittar jikinmu tana da birki guda biyu masu hana ta hayayyafa ba kan gado, ana kiransu p53 da Rb. Hayaƙin taba na shekara da shekaru lalata birkin yake yi gaba ɗaya, ita kuwa HPV wasu sinadarai biyu take fitarwa, E6 da E7, su riƙe birkin su hana shi kamawa, amma asalin birkin yana nan bai karye ba. Shi ya sa in aka kawo gashi, wato ƙona ƙari da hasken inji, da kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin kansa, suka takura ƙwayoyin, na HPV sun fi saurin mutuwa, ga shi ba su iya gyara ɓarnar da gashin ya yi musu sosai, ga garkuwar jiki tana ganin baƙon abu a cikinsu tana taimakawa. In E7 ya danne Rb sai ƙwayar ta dinga zubo p16 da yawa, to wannan ambaliyar ce ake gani a gwaji, ana so a ga ta rina aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin kafin a ce eh.

Ba zance ne na baka ba, an ƙirga. Tun 2000 Maura Gillison da abokan aikinta a Amurka suka nuna masu kansar kai da wuya mai HPV sun fi daɗewa a raye. A 2010 Kian Ang da tawagarsa suka fitar da binciken da har yau shi ake kafa hujja da shi, a mujallar New England Journal of Medicine, mutum 323 masu kansar makogwaro da aka gwada tsokarsu, 206 suna da HPV, duk an yi musu gashi da kemo. Bayan shekara 3, kashi 82 cikin 100 na masu HPV suna raye, marasa ita kashi 57. Wannan rata ce ta sa kwamitin da ke tsara matakan kansa a Amurka, a bugu na 8 da aka fara aiki da shi a 2018, ya ware wa kansar makogwaro mai p16 nata ma'aunin daban, domin tsohon ma'aunin yana tsorata mutane da lambar da ba ta dace da yadda suke warkewa ba. Irin ta Yaya, ƙari bai wuce santimita 4 ba, kaluluwa gefe ɗaya ba ta wuce santimita 6 ba, mataki na 1 ce a sabon.

A cikin binciken nan na 2010 akwai wurin da ya fi taɓa ni, maganar taba. Sun raba mutanen gida uku, masu HPV da ba su sha taba sosai ba kashi 93 suna raye bayan shekara 3, na tsakiya wanda a ciki akwai masu HPV amma sun sha abin da ya wuce kwali ɗaya kullum na shekara 10 kuma ciwon ya ci kaluluwa sosai sun sauko kusan kashi 71, na ƙarshe, waɗanda ba su da HPV, kashi 46. Kenan sigari tana cinye ribar. Matasanmu da suke cika wuraren shisha a cikin gari da daddare ina ma za su ji wannan.

To mu dai a asibiti labari mai daɗi ne, a gida kuwa wuta ce ta tashi.

Da farko wata gwaggonmu ta ji haruffan a waya ta ɗauka HIV aka ce, kafin magariba magana ta kai Rigasa ta dawo, alhali an yi masa gwajin HIV tun farko kamar yadda ake yi wa kowa kafin kemo, babu. Da aka gyara wannan sai ɗan uwargida, wanda yake jami'a, ya buɗe waya ya karanta cewa ta hanyar saduwa ake ɗauka, har da saduwa ta baki. Uwargida ta ce ita shekara ashirin da wani abu tana gidan nan ba a ga komai ba sai da aka kawo bazawara. Amarya ta ce ita da lafiyarta ta zo, a tambaye shi inda yake zuwa. Aka ware masa kofi da cokali da kwano, na je na tarar da kofin roba ja an ɗaura masa zare a hannu an ajiye can kan taga, yara an hana su shiga ɗakinsa. Amarya ta yi yaji. Shi kuma mutumin da ake ta magana a kansa ya daina cin abinci, ya ce mini, "Ƙanina, in wannan ne sanadin gara a bar ni da ciwona, da wane ido zan kalli yarana."

Wallahi wannan ya fi ranar da aka ce mataki na 4 ciwo. Na roƙi likitan ya ba mu lokaci a zauna da matan biyu da Hajiya, ya yarda, Allah ya saka masa. Abin da ya faɗa musu shi ne abin da duk littattafan suka faɗa. Ƙwayar nan ta fi kowace cutar saduwa yawa a duniya, akasarin wanda ya taɓa aure ko kusantar wani zai gamu da ita a rayuwarsa ko da mutum ɗaya ya sani tak, kuma kusan 9 cikin 10 jikinsu yana share ta cikin shekara biyu ba su ma san ta zo ba. A 'yan kaɗan ne take maƙalewa, kuma daga shigarta zuwa ta zama kansa ana ɗaukar shekaru masu yawa, goma, ashirin, har fiye. Amarya ba ta kai shekara biyar a gidan ba. Babu gwajin da zai nuna ranar da ta shiga ko daga wa, babu likitan da zai iya rantsuwa a kan haka, kuma samun ta ba shaidar cewa wani ya ci amanar wani ba ne. Kansar kanta ba a ɗaukarta, ba ta bin kofi ko kwano ko gaisawa. An ma yi bincike a Amurka da aka buga a 2014 kan matan aure da mazajen masu irin wannan kansar, aka samu ƙwayar a bakinsu ba ta fi ta sauran jama'a ba. Abin da ya ce matan su yi shi ne gwajin bakin mahaifa, wanda dama kowace mace ya kamata ta yi ko mijinta lafiyarsa ƙalau.

Hajiya ce ta rufe zancen. Ta ce wa uwargida, "Ke 'yar nan, ki ɗauko kofin nan ki mayar cikin 'yan'uwansa," ta aika kawunmu ya je biko. Ban ce zukata sun wanke tas ba, har yau akwai 'yar tsama, amma an koma cin abinci tare.

A layin asibiti muka saba da wani saurayi daga wajen Kawo da yake kawo mahaifinsa, dattijo mai gyambo a gefen harshe, ya daɗe yana shan sigari yana kuma cusa garin taba a kumatu. Da ya ji labarinmu sai ya ce shi ma zai nemi kuɗi a yi wa Baba gwajin nan ko Allah zai sa a dace. Na so in ce masa eh don in faranta masa, amma ba haka abin yake ba, kuma nan ne mutane da yawa har da masu rubutu a intanet suke cakuɗa abu biyu. Da Hausa duk kansar baki muke cewa, amma a likitance kogon baki daban, wato leɓe da dasashi da kumatu da gaban harshe da ƙasan harshe da gaban ganɗa, makogwaro na sama kuma daban, wato tonsil da gindin harshe da ganɗa mai taushi. Wani babban bincike da aka buga a 2016, tsoka 3,680 daga ƙasashe 29, ya samu HPV ce sanadin kusan kashi 22 cikin 100 na kansar makogwaro amma kusan kashi 4 kacal na kansar kogon baki. A kogon baki taba da giya su ne manyan masu laifi, a Indiya da maƙwabtanta kuma har da ɗan goron nan nasu da suke taunawa da ganye. Ko an samu p16 a kansar gaban harshe ba a canza mata mataki, ba a canza magani, kuma ba a samu tabbatacciyar ribar rayuwa irin ta tonsil ba. Maganinta na farko tiyata ce, a yanke da wuri. Likitansu ma haka ya ce masa, ya adana kuɗinsa don aikin. A duniya kansar leɓe da kogon baki ta kama mutum kusan 390,000 a 2022 ta kashe kusan 188,000, ta makogwaron sama kuwa kusan 106,000, kun ga wadda HPV ba ta da ruwa da ita sosai ita ce ma ta fi yawa.

Dalilin da ya sa likitan Yaya ya nace a yi gwaji biyu shi ma yana da tushe. p16 alama ce kawai, wani abu daban yana iya tayar da ita. A Amurka inda kansar makogwaro mai HPV ta tashi daga kashi 16 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa sama da kashi 70 a farkon shekarun 2000, in p16 ta nuna kusan ko yaushe HPV ce, amma inda ƙwayar ba ta kai haka yawa a cikin masu ciwon ba kuskuren yana ƙaruwa. A 2023 Hisham Mehanna da abokansa suka haɗa bayanan mutum 7,654, waɗanda gwaji biyun suka ce eh kashi 81 suna raye bayan shekara 5, waɗanda biyun suka ce a'a kashi 40, waɗanda p16 ta ce eh amma babu ƙwayar kusan kashi 55. Kusan ɗaya cikin goma na masu p16 haka suke, a tsakiya, kuma in ba a yi na biyun ba za a yi musu albishir da lambar da ba tasu ba.

Sai magani. Gashi sau 35, Litinin zuwa Juma'a, sati 7, da kemo mai suna cisplatin a tsakani. Injinan gashi a Najeriya ba su kai ko kusa da abin da mutum sama da miliyan 200 suke buƙata ba, mutanen Kaduna ko asibitin Shika na Zariya ko Abuja suke nufa wasu har Legas, ko ina kuma layi ne. Mun samu gurbi bayan jira, an sayar da filin Yaya na Hayin Rigasa da kekunan ɗinki biyu, 'yan layinsu na kasuwa suka yi karo-karo, Allah ya biya su. Kafin a fara sai da likitan haƙori ya cire masa turame biyu da suka ruɓe, saboda ƙashin muƙamuƙin da ya sha gashi ba ya warkewa da kyau in aka cire haƙori daga baya. Aka yi masa wata fuskar roba mai raga, a jiƙa ta a ruwan ɗumi a ɗora a fuska ta sandare daidai da kamanninsa, kullum da ita ake ɗaure kansa a gado don kar ya motsa.

Sati biyun farko lafiya. A na uku baki ya fara salewa, miyau ya koma kauri yana jan zare, abinci ya daina ɗanɗano, ya ce shayi da ruwa duk ɗaya. A na huɗu ko kunun gyaɗa sai ya rufe ido ya dafe gado kafin ya haɗiye, fatar wuya ta yi baƙi tana saɓulewa, wandonsa sai da aka ƙara masa huda a bel. Ana kurkure baki da ruwan gishiri da soda, ana ba shi maganin zafi mai ƙarfi, ana ƙarin ruwa saboda cisplatin yana taɓa ƙoda, yana kuma taɓa ji, kunnensa ya fara ƙara. Amma kullutun wuya ya narke, ka shafa ba ka jin komai.

Nan aka kusa yin asarar komai. Ranar wata Juma'a aka dawo da shi gida hutun ƙarshen mako, Litinin ya ce ba zai koma ba. Wani ɗan'uwanmu mai son karance-karance ya zo da hujja a waya, wai ai Turawa da kansu sun ce mai HPV ba ta buƙatar magani mai yawa, ana ma rage musu, tunda ƙari ya tafi me ya sa za a ci gaba da ƙona bawan Allah, a ƙarasa da addu'a da zuma da habbatussauda. Kuma maganarsa ta shiga, saboda kowa yana ganin wahalar, kuɗi kuma sun ƙare.

Gaskiya ne an yi tunanin ragewa, an kuma gwada. A ƙarshen 2018 sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu ya fito, duka a kan masu kansar makogwaro mai HPV, an cire cisplatin an sa wani magani da ake zaton ya fi sauƙi, cetuximab, gashin kuma yana nan yadda yake. A na Turai, wanda aka yi a Birtaniya da Ayalan da Holan, bayan shekara 2 kashi 97.5 na masu cisplatin suna raye, masu sabon maganin kashi 89.4. A na Amurka bayan shekara 5 kashi 84.6 ne da kashi 77.9. Wahalar ma ba ta ragu yadda aka zata ba. Wato canza magani ɗaya kawai, a asibitocin da komai yake aiki, ya ci rayuka, balle a ajiye gashi a tsakiya. Duk lambobin nan masu daɗi na 82 da 93 daga mutanen da suka kammala maganinsu aka samo su. Narkewar kullutu ba ta nufin ƙwayoyin sun ƙare, hasali ma daga wajen sati na huɗu waɗanda suka rage suna ƙara saurin hayayyafa, shi ya sa ƙiyasin da likitocin gashi suka daɗe suna aiki da shi a kansar kai da wuya shi ne kowace rana da aka ƙara a kan wa'adi tana rage damar kashe ciwon da kusan kashi 1 cikin 100.

Na zauna gefen katifarsa na karanta masa waɗannan da Hausa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Yaya, addu'a muna yi ba za mu fasa ba, zumar ma a sha in likita ya yarda, amma Allah ya riga ya ba ka irin wadda take jin magani, saura kwana kaɗan." Bai amsa ni ba. Amaryar nan da aka zarga ita ce ta ciro 'yan kunnenta da sarƙa ta ajiye a gabansa ta ce, "Malam, a sayar a biya na satin nan." Laraba muka koma. Likitan bai yi faɗa ba, ya sa aka saka masa robar abinci ta hanci wadda da ya ƙi, aka dinga ɗura masa kunu da madara da ƙwai da miyar da aka tace, aka rama ranakun da ya rasa. Kemo na ƙarshe sai da aka jinkirta saboda jininsa ya yi ƙasa, amma gashin ya cika 35.

Ni abin da na gani a wannan lamari shi ne ƙwayar ta ba Yaya dama mai girma, amma watannin da aka ɓata kan maganin tibi, da jiran gurbi, da rigimar gida, da rashin kuɗi, kowanne ya so ya ƙwace ta, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da yake cikin lissafin waɗancan bincike na Amurka da Turai. Da ƙarin ya girma ya wuce santimita 4 ko ya tsallaka ɗaya gefen wuyan kafin mu isa, da lambar ta canza ko da HPV ɗin.

Wata uku bayan gama gashi aka sake sikanin, ba a yi da wuri saboda kaluluwar mai HPV tana jan lokaci kafin ta gama bajewa, kar a ga saura a tsorata. Ba a ga komai ba. An cire robar hanci, ya koma shago da keke ɗaya da aka ara masa. Bakinsa a bushe yake har yanzu saboda gashin ya taɓa wuraren da suke yin miyau, kullum da gorar ruwa a gefen keke, tuwo sai da miya mai yawa, ƙilishi da gurasa busasshiya sun fita daga rayuwarsa, azumin bana sai da ya nemi fatawa ya kuma tambayi likita. Kunnen dama yana ɗan ƙara har yanzu.

'Ya'yansa mata biyu da shekarunsu suka faɗa tsakanin 9 da 14 an yi musu rigakafin HPV. Najeriya ta fara bayar da shi kyauta a Oktoban 2023, allura ɗaya, ya iso jihar Kaduna a zagaye na biyu a Mayun 2024, kuma lokacin uwargida tana cikin waɗanda suka hana a makaranta saboda jita-jitar hana haihuwa, wannan karon da kanta ta kai su asibitin unguwa. Rigakafin yana kare nau'i na 16, wani bincike a Kosta Rika ya nuna ya rage kamuwar baki da nau'i na 16 da 18 da kusan kashi 93 cikin 100, hukumar magunguna ta Amurka kuma tun 2020 ta amince da wani nau'in rigakafin mai suna Gardasil 9 don kariya daga kansar makogwaro. Shirin gwamnati na yanzu 'yan mata kawai ya ɗauka, alhali wannan kansar maza ta fi kamawa, don haka na yaransa maza sai dai a saya, muna tara kuɗin. Shi kansa rigakafin ba zai yi masa maganin abin da ya riga ya faru ba.

Likita ya ce ba za a yi maganar warkewa ba tukuna. Shekara biyun farko su ne masu haɗari, ana ganinsa duk bayan 'yan watanni a sa kyamara ta hanci a shafa wuya, za a dinga duba ƙirjinsa saboda mai HPV in za ta dawo wani lokaci a huhu take ɓullowa kuma a makare, har bayan shekara uku, za a kuma dinga gwada sinadarin tayrod, wata tsoka da ke gaban maƙoshi, tunda gashin da aka yi wa wuya yana raunana ta. Matan biyu sun yi gwajin bakin mahaifa, na uwargida ya fito lafiya, na amarya an ce ta dawo a maimaita. Ganin likita na gaba bayan Sallah ne.